Nasiha ga Ɗan da Aka Ɗora Bisa Yaran Kakansa

Ina so, ya ku 'ya'yana maza da mata, musamman waɗanda aka haifa a gidajen fatauci kuma ake sa ran wata rana za a danƙa musu makullin sito da littafin bashi, in ja hankalinku zuwa wata ƙasa mai nisa wadda da yawanku ba su san ta ba sai ta jikin buhun shinkafa, watau Tailan, domin attajiran can sun daɗe suna fama da wata mas'ala wadda ke jiran kowane ɗayanku a bakin zaure, ita ce yadda yaro zai shugabanci wanda ya goya shi, ya kuma shugabanci ƙannen bayansa, alhali mahaifinsa na raye, yana zaune yana kallo. Na zaɓi in buga misali da su ne saboda mutane ne masu kunya da girmama na gaba kamar mu, har a wasu wurare sun ɗara mu, ga shi kuwa duk abin da ladabi ke gyarawa, da abin da yake ɓoyewa, an gan shi a wurinsu ƙarara, cikin dukiyar da ta kai a rubuta tarihinta.

Ku sani cewa mafi yawan manyan gidajen ciniki na Tailan asalinsu baƙi ne daga kudancin ƙasar Sin, waɗanda talauci ya koro, suka sauka Bankok ta jirgin ruwa da abin da bai wuce tabarma ɗaya da matashin kai ɗaya ba, kamar yadda jikokinsu ke faɗi in suna tuna su. A shekarar 1921 wasu 'yan'uwa biyu, Chia Ek Chor da ƙanensa, suka buɗe ɗan shagon sayar da irin kayan lambu a unguwar Sinawa ta Bankok, suka sa masa suna Chia Tai. Daga wannan shago ne kamfanin Charoen Pokphand, wanda ake taƙaitawa CP, ya tsiro, ya yaɗu daga iri zuwa abincin dabbobi, daga nan zuwa kiwon kaji da harkar waya, har a yau kantunan 7-Eleven da yake riƙe da su a ƙasar sun haura 14,000. Wani kuma, Tiang Chirathivat, daga tsibirin Hainan ya zo. Shi da babban ɗansa Samrit suka kafa Central a 1947, suka fara da sayar da mujallu da littattafan ƙasashen waje, a 1956 kuma suka buɗe babban kanti a unguwar Wang Burapha, inda aka liƙa wa kowane kaya farashinsa, babu tayi balle a ce albarka, abin da ya zo wa mutanen garin baƙo, gama sun saba ciniki ba ya faɗawa sai an ja.

Tsarin da irin waɗannan gidaje suka taso a kansa suna kiransa kongsi, kuma wanda ya tashi a ƙauyen Hausa ba ya bukatar dogon sharhi a kai, gama gandu ne aka ɗauke shi daga gona aka kai kanti. Uba ne ke riƙe da asusu. 'Ya'ya da matansu suna aiki ba tare da an yanka wa kowa albashi ba. Tukunya ɗaya ake ci. In aure ya taso, ko jinya, ko kuɗin makaranta, daga aljihu ɗaya ake fitarwa. Maigida kuwa, wanda suke kira taokae, abin da ya faɗa shi ne hukunci, kuma rabin sirrin cinikin a kansa yake, ba a rubuce ba. Wannan tsari yana da albarka matuƙar jari na ƙanƙane, domin babu abin da ke zuba waje, kuma wanda ya san ribar shago ita ce tuwonsa na dare ba ya bukatar a tsaya a kansa. Amma gandu, ko a gona ne, yakan soma tsagewa ranar da 'ya'ya suka yi 'ya'ya, ranar da mai himma ya lura rago na cin daidai da shi, ranar kuma da aiki ya fi ƙarfin hannun 'yan gida har aka ɗauko bare ɗari ko dubu, waɗanda ba su da rabo a tukunya, sai albashi.

Shehin malami Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddimarsa wadda ya rubuta a 1377, ya yi bayanin cewa ɗaukakar gida takan ƙare a tsatso na huɗu: wanda ya gina ya san wuyar da ya sha, ɗansa ya gani da ido ya koya, jika labari ya ji sai ya bi bisa taƙalidi, na huɗu kuwa yakan ɗauka girman nan a jininsa yake, sai ya rushe abin da ya tarar. Sinawa ma suna da irin wannan zance game da dukiya, sai dai su a uku suka tsaya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a bayanin malamin shi ne hanyar da ya ce rushewar ke bi, watau ɗan baya yakan nisanci mutanen da gidan ya tsayu a kan wuyansu, yana ganin ya fi su, su kuma sai su janye masa. Kun ga ashe mutane ne ke fara zubewa, kuɗi daga baya suke bi.

To, a kan wannan tushe na Sinawa sai aka ɗora ladubban mutanen Tailan, waɗanda a wurinsu da wuya a buɗe baki a yi wa mutum magana sai an san wa ya girmi wani. Wanda ya girme ka phi ne, watau yaya, ko da a ofis ne, ko da kai ke sa hannu a takardar albashinsa; wanda ka girma nong ne, ƙane; dattijon da ya girmi mahaifinka lung za ka ce masa, kamar yadda za ka ce baffa, dattijuwa kuwa pa, kamar gwaggo. Gaisuwarsu, wadda suke kira wai, haɗa tafin hannu ce a sunkuyar da kai, kuma ƙarami ne ke farawa. A bikin Songkran na tsakiyar Afrilu yara sukan zuba ruwa mai ƙamshi a hannun dattawa suna neman albarkarsu. Suna da kalmar bun khun, bashin alheri wanda ba a gama biyansa, irin wanda ke wuyan ɗa ga iyayensa, ko bara ga ubangidan da ya yi masa aure. Amma kalmar da nake so ku riƙe ita ce kreng jai, wadda in na nemi 'yar'uwarta a harshenmu sai in ce tana tsakanin kara da jin nauyi: mutum ya haɗiye bukatarsa, ko ra'ayinsa, ko ma abin da ya sani haƙiƙan, don kada ya ɗora wa wani nauyi ko ya ci masa fuska. Hali ne mai kyau ƙwarai, ni kam ban taɓa raina mai kara ba, da ita ake zaman gida da zaman unguwa. Sai dai littafin lissafi bai san kara ba, kayan da ke ruɓewa a sito kuma ba ya dakatawa don an ji nauyin gaya wa maigida.

A ƙaddara jikan wani taokae ne, ɗan shekara 28, ya komo daga karatu a Amurka, aka ba shi riƙon sashen rarraba kaya na gidan, aka sa a ƙarƙashinsa wani dattijo da ya shekara 35 yana kula da sito, wanda ya sha ɗaukarsa a kafaɗa yana ƙarami, tare da samari biyar da aka ɗauka bara. Ya tara su a ɗakin taro, ya haska musu sabon tsari a allo, ya ce daga watan gobe duk odar kaya ta kwamfuta za ta riƙa bi, bashi kuma ba zai wuce kwana 30 a kan kowa ba; sa'an nan ya tambaya ko akwai mai magana. Dattijo ya yi murmushi ya ce khrap, kalmar ladabi ce wadda kan iya nufin na yarda, kan kuma iya nufin na ji kurum, kamar dai "to" ɗinmu. Samari suka dubi dattijo, suka ga bai ƙara kome ba, su ma suka kame bakinsu, gama ƙane ba ya riga yaya. Yaro ya fita yana murna, a zatonsa ya sami ijma'i. Alhali dattijo ya san manyan abokan cinikin gidan guda uku da ke lardunan arewa maso gabas manoma suke ba kaya, ba sa iya biya sai an girbe shinkafa, kuma kakan yaron ne da bakinsa ya yi musu wannan rangwame tun yaron bai zo duniya ba. Samari kuma sun san manhajar da aka sayo ba ta tafiya daidai a kan waya, direbobi kuwa waya ce kaɗai gare su. Kowa na riƙe da rabin gaskiya, kowa ya yi kara, bayan wata shida abokan ciniki suka koma wani gida, in an tambaya kuma sai a ce mai pen rai, watau ba kome. Wannan misali ni na ƙaga shi, amma wanda ya taɓa zama a shagon ubansa a Kantin Kwari zai gane fuskokin.

Laifin na wa? A nawa ganin na yaron ne, ko da yake bai nufi sharri ba, domin ya yi tambayarsa a wurin da ba a iya amsa ta. Shura ba ta tabbata da tara mutane a ɗaki ɗaya. Tana tabbata ne in an buɗe wa kowa ƙofar da zai iya shigo da abin da ya sani ba tare da ya taka girman wani ba, ko a taka nasa, kuma sassaƙa wannan ƙofa aikin shugaba ne, domin shi kaɗai ne ba a hukuntawa in ya soma.

Abin da shiru ke jawowa in ya taru ya yi yawa, mutanen Tailan sun ɗanɗana shi a 1997. Shekaru kafin nan gidajen ciniki da yawa sun yi ta cin bashi da dalar Amurka, saboda kuɗin ruwansa ya fi sauƙi, kuma gwamnati ta ɗaure kuɗin ƙasar, baht, a wajen 25 kan kowace dala, har mutane suka ɗauka haka abin zai dawwama. Suka zuba kuɗin a filaye da dogayen benaye da sana'o'in da ba su san kansu ba. Ranar 2 ga Yuli 1997 aka saki baht, a Janairun 1998 dala ɗaya ta haura baht 50, sai wanda ake bi miliyan ɗaya ya wayi gari ana binsa biyu ba tare da ya ƙara cin kwabo ba. Hukumar ba da lamuni ta duniya ta haɗa tallafin da ya kai dala biliyan 17, a watan Disamban 1997 kuma aka rufe kamfanonin ba da rance 56 gaba ɗaya. Gidajen da suka tsira sai da suka buɗe littattafansu ga masu bin bashi, suka shigo da ƙwararrun da ba 'yan gida ba, a 1999 har aka kafa cibiyar horar da daraktocin kamfanoni. Abin baƙin ciki a nan, ya ku 'ya'yana, shi ne maganar da ta kamata ɗa ko akawun gida ya faɗa wa maigida a asirce, cikin ladabi, tun rami bai yi zurfi ba, ita ce baƙo mai bin bashi ya zo ya faɗa a bainar jama'a, shi kuwa ba ya sunkuyar da kai.

Gidan CP yana da darasi a nan wanda na fi so in daɗe a kansa. Chia Ek Chor ya bar 'ya'ya maza huɗu, manyan biyu ne suka kafa sana'ar abincin dabbobi a 1953, amma da lokaci ya yi sai aka miƙa ragamar gidan ga autansu, Dhanin Chearavanont, wanda aka haifa a 1939, ya zama shugaba a 1969 yana ɗan shekara 30. Ku tsaya ku auna nauyin wannan a ƙasar da ƙane ke fara gaisuwa: yayye uku suka ga ƙanensu ya fi su idon ciniki, suka ja gefe suka ba shi hanya, shi kuma bai daina zama ƙane ba a cikin gida. Shi ne ya ƙulla hulɗa da kamfanin Arbor Acres na Amurka a 1970 aka kawo irin kaji masu saurin girma, kuma da ƙasar Sin ta buɗe ƙofarta a 1979 kamfaninsu ne baƙo na farko da aka yi wa rajista a Shenzhen, lambarsa 0001. Da guguwar 1997 ta zo bai tsaya kare suna ba. A 1998 ya sayar wa Tesco na Ingila mafi yawan hannun jarin kantunan Lotus don uwar sana'a ta tsira, ya haƙura shekara 22, a 2020 gidan ya sake saye su, har da na Malesiya, a kan sama da dala biliyan 10. Game da 'ya'yansa kuwa, maimakon ya ɗora su a kan tsofaffin ma'aikatan kiwo da abincin dabbobi, sai ya tura su sababbin fannoni, irin su harkar waya da talabijin da manyan kantuna, inda babu dattijon da za a ci wa fuska in yaro ya ba da umarni, babu kuma wanda zai rufa wa yaro asiri in ya kasa. Wannan ai gayauna ce. Kakanninmu da suka yanka wa kowane ɗa 'yar gonarsa a gefen gandu sun san cewa a nan ake gane mai iya noma, kuma asarar gayauna ba ta hana gida cin tuwo. Sai a 2017 ya koma matsayin babban uba, ɗansa na fari Soopakij ya zama shugaba, ƙaraminsu Suphachai kuma ya riƙe gudanarwa, bayan ya shekara da shekaru yana fama da kamfanin waya na True.

Gidan Central kuwa jarrabawarsu ta wata fuska ce, wadda mu muka fi kowa saninta, domin Tiang Chirathivat mata uku ya aura, ya haifi 'ya'ya 26. Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado a gida mai ɗakuna uku ya san irin wutar da ke kwance ƙarƙashin wannan lissafi. Abin da ya riƙe su, gwargwadon abin da ya bayyana, shi ne sun tashi tare a gida ɗaya suna ci tare, shugabanci ya bi 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya bayan rasuwar Samrit, sa'an nan da zuriya ta yaɗu suka kafa majalisar iyali daban da majalisar kamfani, ta yadda zancen aure da karatu da jinya da wanda zai shiga aiki yana da tabarmarsa, zancen riba da hasara yana da tasa. A 2013 aka ɗora jika, Tos Chirathivat, ɗan Samrit, a kan gudanarwa alhali baffanninsa na raye suna cikin majalisa, kuma a zamaninsa ne gidan, tare da wani abokin tarayya, ya sayi kantunan Selfridges na Landan a 2022. Hikimar raba tabarma biyu ita ce mutum ɗaya yana iya zama baffanka da safe, ka durƙusa ka gaishe shi, da hantsi kuma ya zama darakta wanda za ka ce wa lissafinsa bai fita ba, kuma dukanku kun san a kan wace tabarma kuke.

Yanzu bari in juyo gare ka, ɗana, kai da aka ɗora bisa yaran kakanka. Dattijon nan na sito kada ka neme shi a ɗakin taro. Tashi ka same shi a inda yake, ka zauna ƙasa da shi, ka kira shi da sunan da ka saba kiransa tun kana ƙarami, gama muƙami bai soke baffantaka ba. Kada ka ce masa mene ne ra'ayinka a kan tsarina, domin wannan tambaya ce da ke tilasta masa zaɓi tsakanin ƙarya da rashin kunya. Ka ce masa, Baffa, me ya sa Kaka ya riƙa ɗaga wa su wane ƙafa har kaka ta yi? Da ka mai da tambayar ta zama neman tarihi, sai ka ga bakinsa ya buɗe, ya gaya maka duk aibin tsarinka ba tare da ya ambaci tsarinka ba, kai kuma ka gyara ba tare da an ce an gyara ka ba. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san yadda ake buɗe tulun. Abin da ya faɗa ka rubuta, domin rabin dukiyar gidanku alkawura ne na baka da sanin halin mutane, wane yana biya in an yi masa haƙuri, wane kuwa rantsuwarsa iska ce, kuma duk wannan kabari zai tafi in ba a kwashe ba. In canji ya zama dole, ka sanar da shi kafin kowa, a keɓe, har in ya yiwu ka bar shi ya faɗa wa na ƙasa da bakinsa. Sai dai ina gargaɗinka, kada girmamawa ta koma tsoro: in ka saurara ka auna ka ga maslaha tana ga canji, ka yi shi, in kuwa ka tarar da ha'inci a wurin tsohon bara, tsufansa zai sa ka rufa masa asiri wajen sallama, amma ba zai sa ka bar masa makulli ba, domin dukiyar ta marayu da zawarawan gidan ce tare da kai, amana ce a hannunka.

Samarin da ke ƙarƙashinka kuwa shirunsu wani iri ne, kuma ya fi saurin cutarwa. Tailan ƙasa ce da ke tsufa: tun 2021 masu mutuwa suka fi waɗanda ake haifa yawa, a 2024 haihuwa ta faɗi ƙasa da 500,000 a shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar ya kai shekara 60. Saboda haka saurayi mai ilmi a can ya san ana nemansa, ga shi kuma tun da aka fito da hanyar biyan kuɗi ta waya mai suna PromptPay a 2017 yana iya buɗe cinikinsa a intanet daga ɗakin kwanansa. Ba ya ɗauke da bashin bun khun, gama ba kakanka ya yi masa aure ba; amma kreng jai na nan a jikinsa, don haka ba zai yi maka musu ba, ba zai ce ya gaji ba, sai dai wata safiya ya kawo takarda ya ce mahaifiyarsa ba ta da lafiya a ƙauye, ko zai koma karatu. Mu a nan matasa sun yi mana yawa, amma yaro mai amana da basira ko'ina tsada gare shi, kuma abin da ke korarsa daga gidan iyali ɗaya ne a Bankok da Kano: ya duba sama ya ga duk kujerun masu sunan gidan ne. Ka gaya masa gaskiya iyakar inda bare ke iya kaiwa a gidanku, in ya kawo dabara ta yi amfani ka ambaci sunansa a gaban maigida, a wurin taro kuma ka fara tambayar mafi ƙanƙanta kafin babba ya yi magana ya rufe ƙofa, ko ka sa kowa ya rubuto nasa tun kafin a zauna. Ka haɗa shi aiki da dattijo, wannan ya koya masa mutane, shi ya koya wa wannan na'ura, amma ka kira abin da sunan taimaka wa Baffa, kada ka ce koyar da shi.

Saura mafi wuya, watau mahaifinka. Da yawan iyaye sukan miƙa kujera su riƙe makulli, sai ɗa ya zama shugaba a takarda, ma'aikata kuwa in ya ba da umarni su zagaya ta bayan gida su tambayi tsoho, shi kuma, don jin daɗin ana bukatarsa, ya warware. Maganin wannan ba ya samuwa ta hanyar fushi ko ƙorafi wurin uwa. Ka roƙe shi, cikin tawali'u, ya iyakance maka abin da ke hannunka, ko da kaɗan ne, kuɗi kaza, sashe kaza, ya kuma faɗa a gaban ma'aikata da bakinsa; gara gayauna tabbatacciya da gandun da ba ka da ikon cire ciyawa a cikinsa. In ka ga kuskurensa, ka kai masa lissafi a rubuce a lokacin da babu kowa, ka ajiye ka fita, ka bar shi ya wayi gari ya ce shi ya gano. Ka kuma riƙe a zuciyarka cewa ilmin fara'ili ya raba dukiya ne, kowane magaji da rabonsa ƙayyadadde, amma bai raba iya riƙo ba. Yana yiwuwa ƙanwarka ta fi ka, yana yiwuwa bare ya fi ku duka. Bankin Kasikorn, wanda Choti Lamsam ya kafa a 1945, ya shekara da yawa a hannun zuriyarsa, amma da Banthoon Lamsam ya sauka a 2020 sai gudanarwa ta koma hannun Kattiya Indaravijaya, mace ce wadda ta tashi a cikin aikin bankin, ba 'yar gidan ba, banki kuwa na nan yana ciniki har yau.

Saboda haka, ɗana, in a gidanku akwai irin wannan dattijo, wanda ya san ranar da aka sayi ma'auni na farko da sunan wanda ya ranta wa kakanka jari, ina roƙonka kada ka bari Jumma'ar nan ta wuce ba ka je ka zauna da shi ba. Ka tafi da goro in yana ci, ka tafi da littafi da alƙalami, ka tambaye shi mutum nawa ne gidanku ya yi wa alkawarin da ba a rubuta ba, wayarka kuwa ka bar ta a aljihu har ya gama.